Neman Gurbi a Cikin Asibitinku a Saudiyya Idan Ba Kwa Ga Maciji da Hed Nas

Sanarwa ta shigo imel ɗin ma'aikata: ana neman nas biyu a sashen kulawa ta musamman, ko caj nas (mai jagorantar nas-nas a lokacin aiki) a ɗakin haihuwa, ko mai horar da sababbin nas-nas. Kin duba sharuɗɗan, kin cika su. Abin da ya tsaya miki a wuya ɗaya ne, wato hed nas, shugabar nas-nas ta ɗakinku, wadda kin san idan aka tambaye ta a kanki ba lallai ta faɗi alheri ba. Da mata nake magana domin su suka fi yawa a aikin, amma duk abin da ke nan ya shafi 'yan'uwa maza da ke jinya a Makka, Madina, Jidda, Riyad da sauran garuruwa.

Fara da yarda da abu guda: za a tambaye ta. Ko kin sa sunanta cikin masu ba da shaida ko ba ki sa ba, shugabar sashen da kike nema da shugabarki suna zama taro ɗaya a ofishin daraktar jinya, suna cikin zauren WhatsApp ɗaya, kuma kiran wayar cikin gida kawai ne tsakanin ofisoshinsu. Mai neman aiki a wani asibiti tana iya zaɓar wanda za a kira, amma mai neman gurbi a cikin gida ba ta da wannan damar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don haka aikinki ba kauce wa maganarta ba ne. Aikinki shi ne kada maganarta ta zama ita kaɗai ce a gaban kwamitin da zai zaɓi wadda za a ba gurbin, kuma kada labarin neman naki ya riske ta daga bakin wani.

Me ya sa take da wuyar sha'ani?

Amsar wannan ce za ta nuna miki hanyar da za ki bi, don maganin kowace daban ne. Akwai shugabar da ba ƙinki take ba, tsoron giɓi take. Idan ƙwararriyar nas ta bar ɗaki, wadda za a ɗauko daga waje sai ta bi tantance takardu ta DataFlow, da jarrabawar lasisi, da biza, da rajista a SCFHS, hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya, sannan a horar da ita a ɗakin. Watanni ne, kuma duk tsawonsu ita za ta riƙa cike jadawalin dare da hannun da bai isa ba. Irin wannan da tsarin miƙa aiki ake shawo kanta. Akwai wadda take da ƙorafi na gaskiya a kanki: makara wajen danna yatsa na shaidar zuwa aiki, jinkirin rubuta bayanan majinyaci, ɗaga murya lokacin miƙa aiki. Ita kuma sai da gyara da hujjar cewa an gyara. Ta uku ita ce mai ƙiyayya tsagwaronta, wadda take ware wasu saboda ƙasa ko launi ko harshe. Tana nan, ba a musun ta, amma kada ki yi saurin sa shugabarki a wannan layin kafin ki tabbatar ba ta cikin biyun farko. Nas da yawa sun ɗauki makamin yaƙi alhali abin da ake buƙata tattaunawar minti goma ce a kan ranar da za ta bar ki ki koma sabon sashe.

Karanta dokar canjin sashe kafin ki taɓa fom

Asibitin da CBAHI, hukumar duba ingancin asibitoci, ke tantancewa yana da rubutattun manufofi na harkar ma'aikata, galibi a shafin cikin gida. Nemo ta canjin sashe da cike gurbi, ki duba abu biyar. Tsawon lokacin da dole ki yi a sashenki kafin ki nemi wani, wanda a wurare da yawa wata shida ne ko shekara guda. Makin takyim, wato kimantawar shekara, da ake buƙata. Ko takardar inzar, wato ta jan kunne, da ke fayil tana hana neman gurbi, kuma na tsawon wane lokaci. Wa'adin da tsohon sashe ke da shi na sakin wadda aka zaɓa. Sai na biyar, wanda ya fi duka: sa hannun shugabarki a fom, na sanin cewa kin nema ne ko na amincewa? Bambancin yana da girma. Idan na sani ne kawai, ƙin sa hannunta ba ya kashe takardarki, ofishin ma'aikata zai iya wucewa da ita. Idan na amincewa ne, duba wa ke da ikon ɗaga ƙin nata, yawanci daraktar jinya ce ko mataimakiyarta.

Ki kuma san irin kwangilarki. Ma'aikaciyar asibitin kuɗi tana ƙarƙashin dokar ƙwadago, kwangilarta tana manhajar Qiwa ta ma'aikatar kula da ma'aikata. A asibitin gwamnati akwai masu kwangilar tashgil zati, wato waɗanda asibitin ya ɗauka kai tsaye, akwai 'yan tsarin aikin gwamnati, akwai kuma waɗanda wani kamfani ne ya kawo su yake biyan su. Waɗannan na ƙarshe sau da yawa ba sa cikin waɗanda sanarwar cikin gida ta shafa, ko da sun shekara biyar a ɗakin.

Sai matsayinki a SCFHS. Mai difloma ana ba ta matsayin da ake kira fanni (technician), mai digiri akhisa'i (specialist), mai digiri na biyu akhisa'i awwal (senior specialist). 'Yan'uwa da yawa da suka zo daga Najeriya ko Nijar da takardar makarantar jinya ta shekara uku a fanni suke, kuma guraben shugabanci da na horarwa galibi akhisa'i suke nema. Idan a nan aka tsayar da ke, ba hannun hed nas. Shiga Mumaris Plus, shafin SCFHS na intanet, ki duba ranar ƙarewar rajistarki, ki duba katin BLS da ACLS na kwas ɗin ceton rai, waɗanda shekara biyu suke yi. Katin da ya mutu yana fitar da mutum tun a tacewar farko, kafin kowa ya kira kowa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Kwangilar wanda ba ɗan ƙasa ba mai wa'adi ce a dokar ƙwadago, kuma a asibitoci da yawa shawarar hed nas tana cikin abin da ake dubawa wajen sabuntawa. Idan saura wata biyu kwangilarki ta ƙare kuma kuna takun saƙa, neman canjin sashe a wannan gaɓar yana iya ba ta damar rubuta cewa ba ta buƙatar a sabunta. Wadda aka riga aka sabunta wa kwangila ta fi tsayawa da ƙafafunta. A Makka da Madina kuma, kada ki sa ran za a sake ki ana dab da Ramadan ko aikin Hajji, lokacin da ko hutu ake taƙaitawa.

Abin da ke cikin fayil ɗinki

Je ofishin ma'aikata ki nemi ganin fayil ɗinki, ki karɓi kwafin takyim na shekara biyu ko uku da suka wuce, da bayanin zuwa aiki, da duk wata takardar jan kunne. Nas da yawa suna fargabar abin da babu shi. Faɗan da aka yi miki a gaban abokan aiki yana da ciwo, amma idan ba a rubuta ba, ba hukunci ba ne. Dokar ƙwadago ta ce ba a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi abin da ake tuhumarsa, an ji ta bakinsa, an rubuta a fayil. Ta ce ba a tuhumarsa da laifin da aka gano fiye da kwana 30 da suka wuce. Ta kuma ce ba a tsananta hukunci da hujjar maimaita laifi idan kwana 180 sun wuce daga sanar da hukuncin farko. Sanin wannan yana hana a tayar miki da tsohon zance a ranar da kika nemi gurbi.

Idan takyim na bana ya faɗi ƙasa alhali na shekarun baya suna sama, wannan kansa hujja ce, musamman idan wata shugabar ce ta rubuta na bayan. Kada ki ƙi sa hannu a kan takyim ɗin da ba ki yarda da shi ba, don za a rubuta kin ƙi, a wuce. Sa hannu, ki rubuta a gefe cewa kin karɓa kuma amsarki tana tafe, ki sa kwanan wata, sannan ki miƙa amsar shafi ɗaya cikin wa'adin ƙorafi da manufar ta tanada. Kwanakin ƙidayayyu ne, suna wucewa da sauri.

Rahoton OVR ba takardar laifi ba ce, hanyar kai rahoton kuskure ko abin da ya kusa faruwa ce don a gyara. Wanda ke kika rubuta da kanki shaidar kula ce, kina iya ambatonsa a intabiyu ba tare da sunan majinyaci ba.

Masu ba da shaida

Uku sun isa. Ta farko ta kasance wadda ta taɓa kula da aikinki da idonta: tsohuwar hed nas, ko caj nas da kuka yi dare da yawa tare, ko mushrifar dare, wato mai sa ido da ke zagaya ɗakuna. Ta biyu mai horarwa, wadda ta sa hannu a takardun gwajin ƙwarewarki, domin ita ce za ta iya cewa ta ga kin haɗa famfon ƙarin ruwa, kin lissafa maganin yara, kin bi ƙa'idar ƙarin jini daidai. Na uku likita ko mai harhaɗa magani da ya san aikinki. Ki lura, kwamitin nas-nas ne, shaidar nas ta fi nauyi a wurinsu. Takardar babban likita mai cewa kina da kirki da ladabi ba ta kai jimla biyu daga caj nas da ke cewa ke ce kika fara lura numfashin majinyaci ya canza kika kira tawagar gaggawa ba.

Kada ukun su zama 'yan gida. Abu ne mai sauƙi ki sa Anti da kuke zaune gida ɗaya, da wata 'yar Kano a ɗakin yara, da wani Bahaushen Makka a ofis. Kwamiti zai gane, kuma zai ɗauki shaidar a matsayin zumunci. Ɗaya a ciki ba laifi idan da gaske ta ga aikinki. Haka batun wasɗa, wato kamun ƙafa. Tura wani babba ya yi wa darakta magana a bayan fage yana iya buɗe ƙofa, amma labarin yana komawa ga shugabarki, ya tabbatar mata kin tsallake ta, sabuwar shugabar kuma ta karɓe ki da jin an ɗora mata ke.

Tambaye su kwana goma zuwa mako biyu kafin rufe sanarwa, ido da ido. Kada ki ce kawai kina so ki sa sunanta. Ki ce: "Sista, ina neman gurbin sashen kulawa ta musamman. Idan aka kira ki, za ki iya ba da shaida mai ƙarfi a kan aikina? Idan da nauyi, ki faɗa mini, wallahi ba zan ji komai ba." Wadda ta yi jim ta ce za ta duba, ki gode mata ki nemi wata, don shaida mai sanyi ta fi rashin shaida illa. Idan caj nas ce da ke ƙarƙashin shugabar taku, ki ƙara tambayar ko hakan zai jawo mata matsala. Ita ma tana da kwangilar da za a sabunta.

Wadda ta amsa, ba ta shafi ɗaya: sunan gurbin, shekarun da kuka yi tare, abu uku da ta gani da idonta, da kwanan watansu. Karɓi imel ɗinta na aiki da lambar ofis, ki tambayi ranar hutunta. Nas 'yar waje tana iya tafiya gida wata guda ko fiye, kuma kwamiti ba ya jiran wadda ke Manila ko Kaduna. Kada ki ba mai shaida aikin kare ki daga shugabarki ko ba da labarin rigimarku. Aikinki kaɗai za ta faɗa.

Sanar da shugabar

Idan fom yana buƙatar sa hannunta, lokacin ya zaɓi kansa. Idan ba ya buƙata, ki faɗa mata ranar da kika miƙa takarda ko washegari, kafin a fitar da sunayen waɗanda za a gana da su. Ba lokacin miƙa aikin safe ba, ba a gaban mutane ba, ba ta saƙon waya ba. Nemi minti goma a ofishinta bayan an gama zagayen likitoci. Ko da Turanci kuke magana ko da Larabci, ma'anar ita ce:

"Sista, na nemi gurbin da aka sanar a sashen kulawa ta musamman, na ga ya dace ki fara ji daga bakina. Abin da na koya a ɗakin nan shi ya ba ni ƙarfin nema. Idan an ɗauke ni, zan kammala jadawalin da kika riga kika fitar, kuma zan horar da duk wadda kika zaɓa a kan ayyukan da ke hannuna. Akwai abin da kike ganin in gyara kafin a tambaye ki a kaina?"

Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi a baki, amma ita ce mai amfani. Tana fito miki da abin da za ta faɗa wa kwamiti tun kina da lokacin shirya amsa. Idan ta lissafo ƙorafi, rubuta a gabanta, kada ki yi musu, ki nemi misali da rana. Idan ta ce ba za ta sake ki ba don ba mutane, tambaye ta wane wata take ganin zai yiwu, da me take so a kammala kafin nan. Kin mayar da "a'a" zuwa kwanan wata ke nan. Bayan kin fito, aika mata imel na layi huɗu ta adireshin aiki: godiya, abin da kuka tattauna, abin da kika yi alkawari. Idan daga baya ta ƙi sa hannu ko ta ajiye fom a aljihun tebur har sanarwa ta kusa rufewa, wannan imel ɗin za ki ɗauka zuwa ofishin ma'aikata, ki tambaye su matakin da manufa ta tanada. Tambaya za ki yi, ba ƙara ba.

A ɗakin intabiyu

Yawanci za ki tarar da shugabar sabon sashe, mai horarwa, wani daga ofishin jinya, wani lokaci da na ofishin ma'aikata. Tambayoyin aiki suna nan: miƙa bayanin majinyaci da tsarin SBAR (halin da yake ciki, tarihinsa, kimantawarki, shawararki), manufofi shida na kare majinyaci, magunguna masu haɗari, lissafin magani. Ki shirya su sosai, don da yawa suna shagala da fargabar shugaba su faɗi a lissafi.

Me ya sa kike son barin sashenki? Amsar ta fuskanci inda za ki, ba inda kika baro ba: shekara nawa kika yi, me kika iya, wane kwas kika yi saboda wannan gurbin, me kike son koya. Kalma ɗaya ta suka a kan shugabarki za ta isa kunnenta kafin la'asar, kuma mai sauraron ki tana auna yadda za ki yi maganarta ita ma wata rana. Baki shi ke yanka wuya.

Yaya kuke da hed nas ɗinki? Kada ki ce lafiya lau idan duk asibitin ya san ba haka ba ne. Ki ce: "Salon aikinmu ya bambanta, mun taɓa saɓawa a kan rabon majinyata. Na same ta a ofis muka yi magana, yanzu idan ina da damuwa a kan rabo ina faɗa wa caj nas tun farkon aiki, a rubuce. Na koyi tsare lokaci da tsaftar rubutu a wurinta." Gaskiya ce, gajeriya ce, kuma ta ƙare a kan abin da kika yi.

Me za ta ce idan muka tambaye ta? Nan ne amfanin zaman da kuka yi. Faɗi abu biyu masu kyau da ba za ta iya musantawa ba don suna cikin takyim, sannan ki faɗi ƙorafin da kanki: "Za ta iya ambaton makara. Na makara sau uku a farkon shekara lokacin da motar ma'aikata ta canza hanya, na karɓi jan kunne, daga nan ban sake ba, ga bayanin danna yatsa na wata shida." Laifin da kika faɗa da bakinki tare da takardar gyara ba ya da sauran ƙarfi idan ita ta faɗe shi daga baya. Sai ki ƙara da cewa kin ba da sunan mutum uku da suka ga aikinki a lokuta daban-daban, kina roƙon a ji ta bakinsu su ma.

Idan gurbin a ɗakinku yake, kamar na caj nas, shugabarki za ta zauna a kwamitin. Ki amsa wa kowa da ido, ki kawo takardu, ki yi magana da lambobi da ranaku. Neman a cire ta daga kwamiti yana da ma'ana ne kawai idan akwai rubutaccen ƙorafi tsakaninku da ba a rufe ba, kuma a rubuce za ki nema wurin ofishin ma'aikata kafin ranar.

Hujjar da ke zama laifi

Wadda aka matsa wa takan so ta naɗi muryar shugaba a ɓoye, ko ta ɗauki hoton allon kwamfuta, ko ta zuba labarin a zauren 'yan gida. Kada ki yi ko ɗaya. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, a kan ɓata suna ta na'ura da keta sirrin mutane da kyamarar waya. Hoton fayil ɗin majinyaci a wayarki kuwa yana iya cin aikinki da lasisinki, ko da ke ce mai gaskiya a asalin rigimar. Abin da ke da aminci shi ne littafi a gida: rana, lokaci, abin da aka faɗa, wa ke wurin, ba sunan majinyaci ko lambarsa. Sai imel ɗin aiki da kwafin jadawalin da aka raba wa kowa.

Bayan sakamako

Idan an ɗauke ki, kada ki dogara da albishir na baki. Nemi takarda mai ɗauke da sunan matsayi, albashi da alawus, da ranar fara aiki, domin har ranar nan kina hannun tsohuwar shugaba, kuma saki yana iya jan ƙafa idan ba a rubuta rana ba. Duba ko an sa sabon lokacin gwaji. Doka ba ta yarda a gwada ma'aikaci sau biyu a wurin mai aiki ɗaya ba, sai da yarjejeniya a rubuce idan aikin daban ne, kuma gwaji ba ya wuce kwana 180. Idan gurbin a wani reshe yake na kamfanin, tambayi ko zai buƙaci sabuwar kwangila a Qiwa da yadda za a lissafa shekarunki na kuɗin sallama. Kammala makonnin ƙarshe da tsafta, ki miƙa makullai da ayyukan hannunki a rubuce.

Idan ba a ɗauke ki ba, nemi minti biyar wurin shugabar sashen ki tambayi abin da ya rage miki da lokacin da za ki iya sake nema. Sannan ki sa ido a kan jadawali na wata biyu ko uku. Idan dare ya ƙaru a kanki ke kaɗai, ko aka soke hutun da aka riga aka amince, ko takardun jan kunne suka fara zuwa a jere, haɗa su da kwanan watan neman gurbin ki bi matakin ƙorafi na cikin gida: ofishin jinya, sannan ofishin ma'aikata. Mai kwangila ƙarƙashin dokar ƙwadago tana iya kiran ma'aikatar kula da ma'aikata a 19911, kuma ana fara bin sulhu kafin a kai ga kotun ƙwadago. Idan kuma abin ya kai ga barin asibitin gaba ɗaya, sashe na 64 na dokar ya wajabta wa mai aiki ya ba ki takardar shaidar aiki kyauta idan kin nema, mai nuna ranar farawa, ranar gamawa, sana'arki da albashin ƙarshe, kuma an hana shi rubuta abin da zai ɓata miki suna ko ya rage miki damar samun wani aiki. Haɗa ta da takardar kyakkyawan matsayi da ake nema ta Mumaris Plus, da lambobin masu shaidarki uku na gida da na aiki, tun kafin a rufe imel ɗinki na asibiti.